Firintar gida mai sauƙin kuɗi: wacce kuka saya, kuma yaya kuka ƙare da ita?

Mai tambaya, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum jama'a. Na gaji da zaryar kafe, wato shagon intanet da buga takardu. Yarana uku ne a makaranta, kullum da abin da za a buga musu, maiɗakina kuma tana koyarwa a Islamiyya, duk ƙarshen zango sai ta fitar da takardun jarrabawa. Shekaranjiya bayan isha'i sai da na hau mashin har Kawo saboda takarda biyu tak, silif ɗin JAMB na babban yarona. Na leƙa shagunan Ahmadu Bello Way na tarar da firintoci masu tawada iri biyu: mai katirij (ɗan akwatin tawada da ake canzawa in ya ƙare), wadda kuɗinta da sauƙi, da mai tanki (wadda ake zuba wa tawada daga kwalba), wadda ta ninka ta har da ɗoriya. Don Allah wanda ya taɓa ajiye ɗaya a gidansa ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Malamar firamare, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malam. Ni mai arahar na fara ɗauka, kuma a jikina na gane araha ba ta ado. Katirij ɗin da ya zo a cikinta jarrabawar aji ɗaya ce ta shanye shi. Da na je sayen sabo, baƙi da mai kala, na zauna na buga lissafi, sai na ga saye uku ya kamo kuɗin firintar kanta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mai kalar: shuɗi da ja da rawaya duk a gida ɗaya suke, rawaya ta ƙare, sauran biyun suna nan, amma dole a jefar da shi gaba ɗaya. Wata abokiyar aikina ta koya min ɗura da sirinji. Ya yi sau biyu, a na uku rubutun ya fara fita layi-layi, tawada kuma ta ɗiga min a farin hijabi, har yau tabon yana nan. Firintar tana saman wadrob yanzu, lulluɓe da tsohon zani.

Mai gyaran firinta, cikin gari:
Malama, sannu da haƙuri, amma na'urar ba ta yaudare ki ba, aikin da kika ɗora mata ne ya fi ƙarfinta. Ku riƙa duba adadin shafin da kamfani ya rubuta kafin ku biya. Ƙaramin baƙin katirij irin HP 305 kusan shafi 120 aka rubuta masa. Kwalbar baƙar tawada ta Epson mai lamba 103, wadda L3210 da L3250 suke sha, shafi 4,500 aka rubuta mata, ta Canon GI-490 kuma 6,000. Da shafin gwaji mai rubutu kaɗan ake auna waɗannan, in hotuna kake bugawa ba za ka kai nan ba, amma tazarar a fili take.

Sai dai Malam mai tambaya, mai tanki ma tana da nata sharaɗin, ba ta son zama. Yawancin waɗanda ake kawo min teburina rashin aiki ne ya kwantar da su. Ramukan da tawada ke fitowa a jikin hed, wato ɓangaren da ke fesa tawada a kan takarda, sun fi gashin kai siranta, in aka bar su makonni sai ta bushe a ciki, balle da hunturun Kaduna, iska a bushe ga ƙura. Ko ba ka da abin bugawa, fitar da shafi ɗaya mai kala duk mako, sannan ka lulluɓe ta. Ka kuma tambayi mai shago yadda hed ɗin yake. Na Canon da na HP masu tanki ana cirewa a sa sabo da hannu, na Epson a jikin na'urar yake, yana daɗewa, amma canza shi aikin mai gyara ne.

Ɗan fansho, Malali:
Maganar mai gyara ta faɗa a kaina. Tawa mai tanki ce, ɗana ya saya min. Na tafi gida wajen girbi, na yi wata biyu, na dawo hazo ya sauka. Na kunna, takarda ta fito fara fat. Na sa ta wanke kanta ya fi sau goma, ina kallon tawadar tana sauka a tanki ba tare da na buga ko harafi ɗaya ba. Ashe duk wadda aka wanke wani soso ne a ƙasan na'urar yake tsotse ta, kuma shi ma cika yake. Daga baya sai ta ƙi aiki ɗungurungum, aka ce soson ya cika sai an canza. Ni da takardar fansho da fom ɗin banki kawai nake bugawa, da na sani da firintar leza mai baƙi zalla na saya, tunda tona, abin da take amfani da shi a madadin tawada, gari ne, ba ya bushewa.

Mai haɗa sola, Rigasa:
Baba, leza tana da kyau, amma a tambayi wutar gidan tukuna. Ita sai ta ɗumama wani ƙarfe a cikinta kafin garin ya manne da takarda, a lokacin tana jan ɗaruruwan wat. Na sha ganin ƙaramar inbata ta yi kuka ta mutu da an danna bugu. Mai tawada ba ta kai wat 20 tana aiki, ko ƙaramin batir ya riƙe ta. Abu ɗaya: da maɓallinta ake kashe ta, kar a zare soket. Hed ɗin yana da wurin da yake komawa ya rufe bakinsa, in aka ɗauke wuta yana tsakiyar hanya a buɗe zai kwana.

Mai kek da cincin, Barnawa:
Ni sitikar robobina nake bugawa, shekara ta biyu ke nan da mai tanki, kalolin farko ma ban gama da su ba. Yaya mai tambaya, ka ƙara ɗan kuɗi ka ɗauki mai Wi-Fi. Bambancin L3210 da L3250 ke nan, ta biyun daga waya kake tura mata, kuma ai duk takardun makarantar yara ta WhatsApp suke zuwa. Kuskurena ɗaya shi ne na ɗauka tawadar ba ta jin ruwa. Na liƙa sitika a robar da ta fito daga firij, raɓa ta taɓa ta, sunan sana'ata ya narke ya zama kamar lalle. Yanzu sai na bi ta da farin salatif. Kuma kar ka yarda da tawadar da ake aunawa a kwalba marar suna, komai arahar ta.

Ɗalibi, kusa da Poli:
A guji ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka. Wasunsu wutar 110 suke sha, tamu kuwa 230 ce, sannan katirij ɗinsu na yankinsu ne, na kasuwarmu ba lallai ya shiga ba. Abokin ɗakina ya sayi ɗaya a gwanjo, wata huɗu yana yawon neman lambar katirij ɗinta a Kasuwar Gumi.

Mai tambaya, Unguwar Dosa:
Allah ya saka da alheri. Na sa maiɗakina ta ƙirga abin da muka buga a zangon da ya wuce, ya haura rim ɗaya, wato sama da takarda 500, ban da fotokwafi. Don haka mai tanki zan saya, mai Wi-Fi da wurin sikanin a sama, ko da zan jira albashin wata mai zuwa in cika. Baba na Malali, bugun mako-mako na ɗora wa autarmu, ita da kullum take neman hoton da za ta yi wa fenti. Mai gyara, saura tambaya ɗaya: wace takarda zan riƙa sa mata?

Mai gyaran firinta, cikin gari:
Mai nauyin giram 80, Malam, an rubuta a jikin rim ɗin. Da damina kar ka bar ta a tiren, danshi take sha ta manne, na'urar ta ja biyu-biyu ta cushe. Mayar da ita cikin ledarta, ka riƙa ɗibar ta aikin ranar. Ranar da za ka saya kuma a zuba tawadar farko a gabanka, a buga shafin gwaji, ka karɓi rasit mai lambar na'urar.