Motar zango, dashen inji, shan mai: ku taya ni tantancewa

'Yan uwa, ina neman bakinku. Ƙanena makaniki ne, jiya ya turo mini bidiyon wani Ba'amurke yana bayanin motarsa, ya ce in fassara masa. Kalmomi uku suka tsayar da ni.

Ta farko "camper van". Motar ita ce Volkswagen T3, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1979, Amurkawa na kiranta Vanagon. Duk wanda ya je Legas ya san jikinta, domin da yawa daga cikin danfo ita ce. Bambancin kawai, kamfanin Westfalia ya sa wa wannan gado da murhu da tankin ruwa, da rufin da ake ɗagawa a kwana a ƙarƙashinsa. Da farko na ce "motar kwana", sai na tuna a tasha motar kwana tana iya zama mai tafiyar dare. "Mota mai ɗaki" kuma ta yi tsawo. Ni dai na tsaya kan MOTAR ZANGO. Fatake in rana ta yi sanyi sai su ya da zango, su sauke kaya, su hura wuta, da asuba su tashi. Aikin motar nan ke nan. Na san 'yan uwanmu na Kumasi da Akara in suka ji zango unguwa za su tuna, to ku faɗa mini ko za ta rikita ku.

Ta biyu "engine swap". Ƙanena ya ce ai canjin inji ne. Na ce a'a. In injinka ya buga, ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ka sayo irinsa ka ɗora, wannan ne canjin inji. Abin da mutanen nan ke yi daban ne: su ciro injin Volkswagen mai lita 2.1 da ƙarfin doki wajen 95, wanda ya yi ƙaurin suna da yoyon ruwa ta gasket, wato abin da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, su sa na motar Subaru, samfurin EJ22 ko EJ25. Shi ma a kwance yake kamar na asalin, shi ya sa yake shiga ramin baya. Amma sai an yi masa farantin haɗi da giyabos, an sake wayoyi, an gyara hanyar ruwa. Jiki ɗaya, zuciyar wani. DASHEN INJI ke nan, kamar dashen ƙoda. Da na faɗa masa, ya yi shiru kaɗan, ya ce "Yaya, wannan ta zauna."

Ta ukun ce ta fi damuna, "fuel economy". Don Allah kada wani ya rubuta "tattalin arzikin mai", wannan zancen kasafin kuɗin ƙasa ne. Kalmar tana bakin direbobinmu tuntuni: SHAN MAI. "Motar nan tana shan mai." "Ba ta sha." Kowa ya gane.

Sai dai akwai tarko. Ba'amurke yana ƙirga mil nawa galan ɗaya zai kai shi, in lambar ta hau murna yake. A Jamus lita nawa ake ƙonawa a kilomita 100 suke ƙirgawa, in ta hau asara ce. Shan mai ya dace da lissafin Jamus sarai, amma in ka ɗora shi kan na Amurka ka juya magana. Don haka na ba wa na Amurkan suna daban: NISAN LITA, wato inda lita ɗaya ke kai ka.

Da shi bayanin ya fito fes. Masu motocin kan ce da injin asali nisan lita kilomita 7 zuwa 8 ne, bayan dashen Subaru ya ɗan ƙaru kaɗan, ba yadda mutum zai zata ba. Dalili a fili yake: jikin motar kamar akwati, iska na dukan ƙirjinta, ga nauyin gado da ruwa, giyoyin kuma tsofaffin ne. Mai mota ya samu ƙarfi, ƙafarsa ta ƙara nauyi a kan totur. Waɗanda suka dasa injin dizal na Volkswagen da ake kira TDI su ne ke ganin bambanci na gaske.

Wani abokina ya kawo "tsimin mai". Ina son ta, amma a ganina tsimi halin direba ne, sha halin mota. Direbobi da makanikai, musamman na Maraɗi da Damagaram, ku me kuke cewa?