Bishara a taƙaice: wai mun ma iya faɗinta da Hausa kuwa?

Maman Tagwaye: Salama 'yan'uwa. Yau raina a ɓace yake, sai na amayar da abin da ke cikina. Yaron shagona a kasuwar Sabon Gari ta Kano ɗan ƙanwata ne daga ƙauye wajen Sumaila, iyayensa masu bi ne amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi. Ya ce min Mama wai mene ne ainihin abin da muka gaskata, na kai shi wurin wani babba a majami'armu, bawan Allahn nan ya ɗauko Turanci ya yi ta zubawa tun azahar har aka kira la'asar, yaro ya fito yana hamma. Ni a ganina yawancinmu ba mu iya faɗin bangaskiyarmu da Hausa ba, alhali abin ba wuya. Allah ya halicce mu yana ƙaunarmu, zunubi ya raba mu da shi, Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye domin zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku, yadda Manzo Bulus ya jera a 1 Korintiyawa 15:3-4. Ceto ta wurin bangaskiya ne kawai. Me ya hana a koya mana faɗin wannan?

Ɗan Katekis: Mama na bi ki tiryan-tiryan har kika zo kan "kawai" ɗin nan. Dan Allah cire shi. Ki buɗe Yaƙub 2:24, ta wurin ayyuka ake baratar da mutum ba ta bangaskiya kaɗai ba, aya ta 26 kuma ta ce bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce. In kika koya wa yaro "kawai" gobe ya yanke miki yadi ya sayar ya ce ai yana da bangaskiya.

Malamin Lahadi: Haba ɗan'uwa. Afisawa 2:8-9 fa? Da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba don kada wani ya yi fahariya. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23 wane aiki ya yi, hannu da ƙafa a kafe? Amma aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Mama kar ki cire komai.

Ɗan Katekis: Malam ka tsaya a aya ta 9 don ta yi maka daɗi, ƙarasa ta 10 mana, an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Matiyu 25 kuma da aka raba tumaki da awaki me aka tambaya, ba yunwa da ƙishirwa da tufafi da gaida marar lafiya ba ne?

Malamin Lahadi: Dama na san daga inda iskar ke kaɗawa. Ku 'yan Katolika tun 1517 Martin Luther ke faɗa muku kun ƙi ji.

Ɗan Katekis: Toh ai su Lutheran, mabiyan Luther ɗin, da kansu sun zauna da mu a Augsburg ta Jamus a 1999, aka sa hannu kan takarda cewa da alheri ake ceto kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke kiran mu ga kyawawan ayyuka. Masu gawa sun share hawaye, kai ɗan gaisuwa kana ta birgima.

Maman Tagwaye: Ni fa ba wannan na kawo ba, maganar Hausa nake yi.

Malamin Lahadi: Mama bari na gama da shi. Mu ECWA ba yau muka fara ba, tun 1893 'yan mishan Gowans da Kent da Bingham, waɗanda aikinsu ya haifi ECWA, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar nan, biyu suka mutu tun aikin bai kankama ba. Je ka asibitin ido na ECWA ka ga layi, Musulmi da Kirista har daga Nijar ake zuwa, ga aikin kutare da aka yi a Yadakunya.

Ɗan Katekis: Madalla, ka kawo kanka. Asibiti da jinyar kutare ba su ne ayyukan ba? Mu ma ga makarantar St. Louis nan a Bompai, 'yan mata nawa ta yaye.

Malamin Lahadi: 'Ya'yan itace ne ba saiwa ba! Mun yi ne don an cece mu, ba don a cece mu ba.

Saurayin Kwaya: Ni dai gaskiya duk wannan tsohon yayi ne. Sujadar Hausa ai ta tsofaffi ce da Maguzawa, matasa yanzu Turanci suke so, a cocinmu haya filin wasa muke mu ɗaura lasifika mutane su cika.

'Yar Zumunta: Kai yaro iya bakinka. Su wa kake kira Maguzawa? Kakana an yi masa baftisma tun ba a haifi babanka ba, mu Hausawa ne kuma Masihiyawa. Kullum sai an nuna mana kamar baƙi ne mu a cikin ikilisiya, a gari a ce mun bi addinin baƙi, a coci a ce mu 'yan ƙauye ne, ina za mu sa kanmu?

Saurayin Kwaya: Mama ba zagi nake nufi ba, haka ake faɗa.

'Yar Zumunta: Toh daga yau a daina faɗa. Ku da fastocinku ba sa wa'azi sai na baiko da ushiri.

Saurayin Kwaya: A'a Mama kar ki taɓa min fasto.

Baba Dattijo: 'Ya'yana ku saurara. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, Likita Miller na Wusasa na cikin waɗanda suka ƙare ƙarfinsu a kansa, don haka ba mu da hujjar kasa bayani da harshenmu. Kai kuma mai lasifika, ba a haife ka ba a Oktoban 1991 da aka shirya taron mai wa'azi Reinhard Bonnke a garin nan rikici ya ɓarke, ni ina nan, an rasa rayuka ta kowane ɓangare, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. 1 Bitrus 3:15 cewa ta yi mu zauna a shirye mu amsa wa mai tambayar dalilin begenmu, kuma da tawali'u da girmamawa. Maƙwabcina Alhaji mun daɗe katanga ɗaya, ran da ya tambaye ni na amsa masa daidai tambayarsa, shi ma ya faɗa min nasa, har gobe tuwon sallah na shigowa gidana shinkafar Kirsimeti na shiga nasa.

Saurayin Kwaya: Baba da girmanka amma wannan ai tsoro ne. Matiyu 28 cewa aka yi ku tafi.

'Yar Zumunta: Ji rashin kunya, Baban kake cewa matsoraci?

Mai Kula da Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Abin da aka tsayar: kusan kowa ya yarda ceto ta bangaskiya ne kawai yadda Afisawa ta faɗa, Malamin Lahadi ya kawo ayoyi gamsassu Allah ya ƙara masa basira. Ɗan'uwanmu na Katolika ya yi ƙoƙari amma ya ɗan kauce hanya. Saurayi ka nemi gafarar Baba da Mama 'Yar Zumunta kafin gari ya waye.

Ɗan Katekis: Kusan kowa su wa? Mu biyu ne muka yi maganar, shi ɗaya ni ɗaya, kuma har yanzu bai taɓa Matiyu 25 ba. Kai ma dai ka fito fili ka faɗa wa mutane kujerarku ɗaya da shi ran Lahadi.