Muzurunmu da sabuwar 'yar kyanwa: wasa suke ko cin zali ne?

Maman Haidar, Pantami:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu kiwon mage ku ba ni shawara. Muna da muzuru ya kai shekara 3 a gidan nan, Dogo muke ce masa, saboda ɓerayen sito muka ɗauko shi tun yana ƙarami. To sati biyu ke nan ƙanwar maigidana ta kawo mana 'yar kyanwa daga Kumo, ba za ta wuce wata 3 ba, ni kuma ban kawo komai a raina ba kawai na sauke ta a tsakar gida. Tun ranar kullum sai ya bi ta a guje ya danne ta ya kama mata wuya, wani lokaci shiru sai dai ka ga suna birgima, wani lokaci kuma ta yi ta ƙara kamar ana yanka ta. Maigida ya ce wasa ne in ƙyale su, yara ma dariya suke, amma ni hankalina bai kwanta ba don jiya na tarar ta yi fitsari a bayan buhun masara alhali da a kaskon yashi take yi. Ya ake gane wasa da cin zali?

Hamma Tunfure:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki bar su kawai, mu a ƙauye wa yake haɗa mage da mage? Babba zai nuna mata shi ne mai gida, kwana kaɗan ki gan su kwance wuri ɗaya.

Adda Jekadafari:
Hamma a yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba. A ƙauye fili ne, wadda aka matsa wa sai ta haye rumbu ko ta koma maƙwabta, amma gidan da aka zagaye da katanga ina 'yar wata 3 za ta je?

Maman Haidar ni magena 4, abin da nake dubawa na farko shi ne ana karɓa-karɓa ko ba a yi. In wasa ne yanzu shi ya bi ta, anjima ita ta laɓe bayan randa ta diro masa, wanda ke sama ya koma ƙasa, suna yi suna tsayawa kowa ya ɗan lashe jikinsa sannan a ci gaba, kuma yawanci ba surutu, farce na ciki, cizon ma na ƙarya ne. Kamun wuyan nan shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, haka suke kokawa tun suna wajen uwarsu. Amma in kin ji huci da gurnani, kunnuwanta sun manne baya, gashin jela ya tashi kamar tsintsiya, ta yi ƙara shi kuma bai sake ta ba, wannan ya wuce wasa. Gwaji mai sauƙi, ki ɗauke shi ki riƙe na ɗan lokaci ki ga me za ta yi. In ta dawo tana tsokanarsa to ita ma tana so, in ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa kin samu amsa.

Ni fitsarin nan ne ma ya fi damuna fiye da kokawar. Mage tana cin zali ba tare da ta ɗaga hannu ba, sai muzurun ya je ya kwanta a hanyar kaskon yashi ko kusa da kwanon abinci kamar hutawa yake, ya zuba mata ido kawai, mu mutane mu ce kai Dogo akwai haƙuri, alhali tare hanya yake yi. Ki lura da inda yake yawan kwanciya kwanan nan.

Shawarata ki koma farko. Ki ba ta ɗaki ɗaya da ruwanta da abincinta da yashinta na kamar sati, ki goga tsumma a kumatunta ki ajiye inda yake kwana, nasa ma ki kai mata, don su da hanci suke sanin juna. Ki riƙa ba su abinci lokaci ɗaya ƙofa na tsakani, daga baya ki ɗan buɗe su ga juna. Kasko kuma in da hali 3, ba a jere ba, don ba zai iya tsare su duka ba.

Baffan Bolari:
Adda ta gama magana, ƙari kawai. An dandaƙe muzurun? In ba a yi ba ku kai shi asibitin dabbobi, yana rage faɗa da yawo da fesa fitsari a bango, kuma kar ku manta ita macen tun tana wata 4 zuwa 6 za ta iya ɗaukar ciki, to lokacin wata rigimar ce daban. A yi musu allurar haukan kare gaba ɗaya. In sun kaure kar ki sa hannu, ki tafa ko ki tura faifai ko kwali tsakaninsu, haƙorin mage siriri ne yana shiga ciki ya rufe kuma yana saurin yin ruwa. Ki shafa jikinta ki ji ko akwai kumburi, gashi yana ɓoye cizo. Don Allah ko kin ga tana jin ciwo kar a ba ta farasitamol, kashe mage yake. In ta yi kwana biyu ba ta ci ba ko tana yunƙurin fitsari yana fita kaɗan-kaɗan sai likita.

Hamma Tunfure:
Kasko 3 saboda mage biyu? Lallai magen birni sun ji daɗi, ni da nake haya banɗaki ɗaya muke layi mu takwas.

Maman Haidar, Pantami:
Hhh Hamma Allah ya hore naka. Adda wallahi kamar kina gidan, bayan la'asar na zauna na lura, ashe a bakin lungun da kaskon yake nan yake shimfiɗewa, ta zo sau biyu ta tsaya daga nesa ta juya. Na gwada ɗauke shi kuma, da safe da suke birgima shiru ta biyo ni tana kama masa jela, amma na yamma da ta yi ƙara sai ta shige bayan firij ba ta fito ba sai bayan isha'i. Yanzu dai na sa ta a ɗakin baƙi. Baffa ba a dandaƙe shi ba, kuma maigida cewa yake in aka yi zai daina kama ɓera, gaskiya ne?

Baffan Bolari:
Ba gaskiya ba ne, farauta daban neman mace daban. Muzuruna shekara biyu da yi masa, shekaranjiya ma a kan tabarmar sallata ya ajiye min jaɓa.