Kayan kamun maski na Amurka: za su yi aiki a zurfin tafkin Volta?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magabatanmu da suka san harkar fatsa. Yayana da ke zaune a jihar Mishigan ta Amurka yana shirin aiko da kaya gida ta jirgin ruwa, kuma ya ce in zaɓi sanda da na'urar naɗe zare da koton roba daga cikin irin waɗanda suke kamun maski da su, wato wani dogon kifi mai haƙora da ake samu a koguna da tafkunan Amurka ta Arewa. Ya ce ba jifa suke yi ba, sakin koto mai nauyi suke yi ƙasa a miƙe daga cikin jirgi, suna ɗagawa suna saki har kifi ya kama. Ni kuwa abin da nake so shi ne giwan ruwa a tafkin Volta na ƙasar Gana, tunda daga Kumasi nakan bi ta Ejura da Atebubu zuwa Yeji wajen dangin mahaifiyata. Shin waɗannan kaya za su dace da ruwanmu? Idan kuɗin ba za su isa a sayi mai kyau a kowane ɓangare ba, ina ya kamata a fi zuba su?

Baƙon Ditroit ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni ɗan Asawase ne amma a can nake zaune, kuma na san irin kamun da yayanka yake nufi. An fi yin sa a kogin Ditroit, wanda ya haɗa tafkin Sen Kile da tafkin Eri a kan iyakar Amurka da Kanada, musamman a ƙarshen shekara lokacin da ruwa ya fara sanyi. Jirgi yana tafiya tare da ruwa, mai tuƙi kuma yana daidaita shi da ƙaramin inji don zaren ya tsaya a miƙe, domin da zarar zaren ya karkata, koton ya daina rawar da ake so, kuma ba za ka ji kamun kifin ba. Maski yakan cafke koto ne a lokacin da yake faɗawa ƙasa, shi ya sa ake biye da shi da sanda a hankali, ba a sakin zaren ya yi lako-lako.

Game da sanda, kada ka bari tsawo ya ruɗe ka. Sandunan maski masu ƙafa 9 an yi su ne don jifa mai nisa da kuma juya koto a gefen jirgi idan kifi ya biyo shi. Mai ɗagawa da saki yini guda yana buƙatar wadda ba ta wuce ƙafa 7 da rabi zuwa 8 ba, mai ƙarfin gindi, wadda aka rubuta a jikinta cewa tana ɗaukar koto mai nauyin giram 200 ko fiye. Na ambaci wannan nauyi ne saboda koton da ya yi suna a wannan kogi, Bondy Bait, kusan nauyinsa ke nan: jikin roba ne mai siffar kifi, da nauyi a ciki, da ƙugiya mai baki uku guda biyu a ƙasansa, da ɗan faranti mai juyawa a wutsiya. Ka kuma roƙi yayanka ya nemo sanda mai haɗi biyu, domin mai tsawo ɗaya ba za ta sha da daɗi ba tsakanin tashar jiragen ruwa ta Tema da saman motar Yeji.

Kuɗinka dai ka zuba su a na'urar naɗe zare. Abin dubawa shi ne birkinta, wato ko yana sakin zare sumul a lokacin da babban kifi ya ja, ko kuwa yana fizga yana tsayawa. Zare kuma a saya na kitso mai ɗaukar kilo 36 ko kusa da haka, saboda ba ya miƙewa kamar na leda, ga shi siriri, ruwa ba ya tura shi sosai.

Malam na Sabon Zongo ya amsa:

Sannu da ƙoƙari, Alhaji, bayaninka a kan sanda da birki babu abin cirewa. Amma a kan koto da zare ina da ja, domin ƙasan Volta ba ƙasan kogin Ditroit ba ne. Lokacin da aka gama madatsar Akosombo, wadda ta haifar da tafkin, a 1965, ruwa ya hau kan daji ne ba tare da an sare shi ba, kuma har yau itatuwan suna tsaye a ƙarƙashin ruwa, wasu ma kawunansu a waje idan ruwa ya ja baya. Su ne suke yaga komar masunta, su ne kuma suke fasa jiragen fasinja. Giwan ruwa kuwa a gindinsu yake laɓewa yana jiran ƙananan kifaye. Wanda ya saki koto mai bakin ƙugiya shida a rataye a ƙasansa cikin wannan daji, ya yi wa itace kyauta tun kafin kifi ya gan shi, alhali koton ba a kasuwar Kejetia ake sayensa ba balle a ce gobe a koma a sayo wani.

Abin da ya fi dacewa shi ne kan dalma mai ƙugiya ɗaya wadda bakinta yake kallon sama, a soka masa jikin roba mai wutsiya mai kaɗawa. Irin wannan yana goga reshe ya wuce. Saboda haka, ɗana, ka ce wa yayanka ya cika maka jaka da jikunan roba masu launin fari da azurfa da ruwan ƙwai, da ƙugiyoyi masu kauri waɗanda ba sa miƙewa, maimakon koto mai tsada guda biyu ko uku. Idan ya haɗa da mazubin dalma, masu aikin ƙarfe a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, za su iya zuba maka kawunan, sai dai a yi narkin a fili, domin hayaƙin dalma guba ne.

Batun zare kuma ya fi ba ni tsoro. Su a can suna tsaye ne a cikin faffaɗan jirgi mai inji, kai kuwa a zaune za ka kasance cikin kwale-kwale. Idan zare mai ɗaukar kilo 36 ya maƙale a itace, iska kuma tana tura kwale-kwalen, kafin zaren ya tsinke kwale-kwalen zai iya kifewa, kuma idan ka naɗe shi a hannu zai yanka ka har tsoka. Ka riƙa tafiya da guntun itace na naɗe zare idan za ka tsinka shi, da wuƙa a kusa, da rigar ceto a jikinka. A zaune kuma, sanda mai ƙafa 6 da rabi zuwa 7 ta ishe ka.

Baƙon Ditroit ya sake amsawa:

Gaskiyarka, Malam, ban lissafa da kwale-kwale ba. Amma ban yarda a rage ƙarfin uwar zaren sosai ba, domin giwan ruwa yana iya wuce kilo 100, kuma ko matsakaicinsa idan ya ji ƙugiya cikin itatuwan zai nufa, dole a tare shi a taku na farko. Mafita ita ce a bar zaren kitson yadda yake, a ɗaura masa guntun zare a gaba wanda ƙarfinsa bai kai nasa ba, yadda idan an maƙale can ne zai tsinke. Ga maski muna sa waya ko fulorokabon, wato wani zaren leda mai jure guga, mai kauri saboda haƙoransa suna yanka. Giwan ruwa ba shi da irin waɗannan haƙora, amma bakinsa yana da kaushi, marfin kunnensa kuma yana da kaifi, don haka guntun ya zama mai ɗan tsawo wanda zai jure gogar itace, tunda zaren kitso ba ya jure ta. Inda kifin tsage mai kaifin haƙora ya yi yawa ne kawai za a koma ga waya.

A kan na'ura, tunda babu mai sayar da kayan gyaranta a kusa da kai, zan zaɓa maka mai zagaye irin Abu Garcia Ambassadeur maimakon sababbi masu tarkace da yawa kamar Shimano Tranx, duk da cewa ta biyun ta fi ƙarfin birki. Ta farkon kowane mai gyaran keken ɗinki mai haƙuri zai iya kwance ta, ya wanke, ya sa mai, ya mayar. A saka maka fayafayen birki na canji a cikin kayan.

Baba Mai Koma ya amsa:

'Ya'yana, kun yi magana a kan kaya, bari in ƙara kalma a kan ruwan kansa. Kada kalmar zurfi ta sa ka riƙa neman wurin da ya fi ko'ina nisa zuwa ƙasa. Volta yana kai wajen mita 75 a kusa da madatsar, amma a lokacin zafi ruwan can ƙasa ba ya gauraya da na sama, iskar da kifi yake shaƙa tana ƙaranci a cikinsa, saboda haka kifi ba ya zama a wurin. Ka nemi bakin tsohon kwarin kogi, inda ƙasa take gangarawa farat ɗaya, da gefen itatuwa, ba tsakiyarsu ba. Wajen Yeji ma ba shi da zurfin Akosombo, don haka koto mai giram 200 zai yi maka yawa a mafi yawan wurare. A haɗa maka da marasa nauyi, ka riƙa sa mafi sauƙin da zai iya tsayar da zarenka a miƙe. Idan kuma ka ɗago giwan ruwa daga zurfi ka ga cikinsa ya kumbura, jakar iskarsa ce ta cika ta kumbura saboda saurin hawa, kuma irin wannan ko an sake shi da wuya ya iya nutsewa, gara a kai shi gida.

Ka ɗauki masunci ɗan wurin ya tuƙa ka, ka biya shi haƙƙinsa, domin shi ya san inda komar mutane take da inda kututture yake, kuma idan ya dubi sama ya ce hadari ya taso a koma gaɓa, ka naɗe zarenka nan take.

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, iyayena. Zan aika wa yayana jerin kamar yadda kuka tsara: sanda mai haɗi biyu, Ambassadeur da fayafayenta, zaren kitso da fulorokabon, jikunan roba da mazubin dalma. Malam, wane girman ƙugiya zan ce ya saya don kawunan da za a zuba a Suame?