A hana sabbin ɗalibai snippet, ko a bar su?

Malam Sabo: Salamu alaikum. A ajina na koyon rubuta code da ke Bauchi Road na kafa doka: duk wanda bai cika wata uku ba, babu snippet, wato guntun code da aka tanada don zubawa nan take, babu Emmet, wato kayan aikin da ke mayar da gajeren rubutu cikakken HTML. Jiya na ce wa wani yaro ya tsara min shafin HTML a Notepad. Ya buga alamar ! ya danna Tab, ya zuba wa allo ido yana jiran tsarin shafin ya fito kamar yadda Emmet ke yi. Shiru. Ko layin doctype, layin farko na shafin HTML, ya kasa tunowa.

Hauwa: Wa alaikumus salam. Malam, a yi min afuwa, ban yarda ba. Wa ke aiki da Notepad yanzu? Tun 2015 Microsoft ta fito da VS Code, manhajar rubuta code, Emmet kuma a cikinsa yake zuwa. Idan na buga ul>li*5, nan take jeri mai layi biyar ya fito, kowane tag a rufe. Me yaro zai ƙaru da shi in ya buga li sau biyar?

Nura: Ga batun wuta kuma. Da an ɗauke, batirin kwamfutocin yawancinsu ba ya jimawa, babu lokacin buga komai da hannu.

Malam Sabo: Hauwa 'yata, da koyo akan iya. Ranar da code ɗin ya ƙi aiki, wanda bai san abin da ya zuba ba ina zai duba?

Bilkisu: Malam, ni a ganina kun haɗa abu biyu. Akwai wanda ya sauko da tarin snippet na wasu yana ta dannawa, wannan kam ina bayanka. Amma ka sa yaro ya rubuta nasa mana. Zai buɗe fayil ɗin JSON, ya sa prefix, wato gajeren sunan da zai riƙa bugawa, ya cika body layi bayan layi. Sai ya zaɓi inda $1 da $2 za su zauna don Tab ya riƙa tsallakawa, da $0 inda alamar rubutu za ta tsaya a ƙarshe. Wallahi wanda bai fahimci for loop, wato code mai maimaita aiki, ba, ba zai san inda zai ajiye $1 ba.

Malam Sabo: Wanda ya rubuta nasa a gabana, na ba shi. Na wasu kuwa, wata ukun na nan.

Hauwa: Uku ya yi yawa, Malam. Wasu kwas ɗin nasu gaba ɗaya bai kai haka ba.

Nura: To yaya ma za ka hana su a kwamfutocin aji?

Malam Sabo: Cikin settings, editor.snippetSuggestions na mayar none, emmet.showExpandedAbbreviation kuma never. Hauwa, ki zo ajin Asabar ki gwada su da kanki, sai mu ci gaba.