Taƙaitawa: gashin naman kurege a kan gawayi

Ga abin da na tattaro daga maganganun maharba da masu tukuba na nan Tawa.

1. Kowa ya yarda: a yanka shi da ransa. Wanda ya mutu cikin tarko mushe ne. A fidda kayan ciki nan take, don zafi na saurin ɓata shi, kuma a kula kar matsarmama ta fashe, ɗacinta ba ya wankuwa.

2. An rabu kan fata. Wasu sun ce babbaka ta fi, tunda fatar na riƙe ruwan naman. Wasu sun ce a feɗe saboda ƙuma da kaska. Ni dai na fi karkata ga feɗewa.

3. A tsaga shi ta ƙirji, a baje. A shafa gishiri, citta, tafarnuwa da ruwan lemun tsami guda, a bar shi awa 2 a firigo.

4. Kan gashin kansa aka fi daɗewa ana magana. Kurege ba shi da kitse sosai, shi ya sa yake bushewa kamar kilishi. Sai gawayi ya yi farin toka a ɗora, ragar tana nesa da wuta kamar taƙi ɗaya. Ɓangaren ƙashi a ƙasa tukuna. A riƙa juyawa duk minti 5 ana shafa man gyaɗa, har minti 25 zuwa 30. Tsohon kurege kuwa a fara tafasa shi rabin awa, in ba haka ba ya yi tauri.

5. Yajin ƙuli sai ƙarshe, don yana ƙonewa.

6. A tsaga cinya: in akwai jini kusa da ƙashi, a mayar wuta.