Gradius na cikin falo shi ne Gradius na akwatin kwandala?

Kawu Bala: Salamu alaikum. Jiya da daddare ɗan ƙanena ya kira ni yana murna, wai ya gama 1943, tsohon wasan harbi na jiragen yaƙi, a na'urar wasansa ta Switch a zama ɗaya. Na tambaye shi sau nawa aka harbo jirginsa, ya ce bai ƙirga ba, ai da zarar an harbo shi sai ya tariyo baya ya gyara. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci da wuri. A ƙarshen shekarun 1980 ina karatu a Ingila, akwai wani shagon soya kifi da dankali kusa da masaukinmu, a lungunsa an ajiye akwatin wasa mai karɓar kwandala na R-Type, wasan da kamfanin Irem ya fitar a 1987. Kwandala ɗaya, rai uku. Wata biyu na yi kafin na wuce mataki na uku, wanda gaba ɗayansa ƙaton jirgin yaƙi guda ne da za ka yi ta kewayawa. Ranar da na wuce shi hannuna rawa yake yi. Ga maganata a fili: waɗannan tsofaffin wasannin harbi da ake sake fitarwa a PlayStation da Switch da Xbox, da damar ci gaba mara iyaka bayan rayuka sun ƙare da tariyo baya, ɓawo ne babu ƙwaya. Hoton shi ne, sautin shi ne, amma wasan ya mutu.

Habu: Wa alaikumus salam, Kawu, Allah ya ƙara girma. Ban yarda ba. Wannan kwandalar da kake girmamawa ai kasuwanci ce. Mai shago ya sayi akwati da tsada, so yake ka mutu cikin 'yan mintuna na bayanka ya jefa tasa. A jikin allon na'urar akwai wasu ƙananan makunnai da yake juyawa ya rage maka rai ko ya ƙara zafin abokan gaba, kai ba ka sani ba. Kenan ko a wancan lokacin R-Type na shagonku zai iya bambanta da na shagon gaba. Wanne ne na asalin?

Kuma sauƙaƙawa ba yau aka fara ba. Da kamfanin Konami ya zo mayar da wasan Gradius na 1985 zuwa Famicom, na'urar wasan gida ta Nintendo, a 1986, Kazuhisa Hashimoto da ke aikin ya ga wasan ya yi masa wuyar gwadawa, sai ya sa wata lambar sirri da ke ba jirgi makamai: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Ma'aikacin kamfanin da kansa ya nemi sauƙi, sai yaro ɗan shekara goma sha biyu ne za a hana?

Kawu Bala: Habu, shi don aiki ya yi, ba don ya ce ya ci wasa ba.

Ummi: Kawu, ni tambayata ɗaya: mu da ba mu taɓa ganin akwatin ba fa? Wasannin Galaxian da 1942 na sani ne a kaset ɗin nan mai launin ruwan ɗorawa da ake rubuta wasa ɗari tara da casa'in da tara a jikinsa, alhali wasa kaɗan ne ake ta maimaitawa. A gidan maƙwabta muke bugawa, wuta na ɗaukewa shi ke nan. Sai da na girma na gane waɗancan ma ba na akwatin ba ne, kwafi ne da aka rage wa kaya don su shiga ƙaramar na'ura. Xevious na gaskiya da Raiden da Gradius na akwati, sai a Arcade Archives na kamfanin Hamster na fara ganinsu. Tun 2014 suka fara a PlayStation 4, a 2017 suka shiga Switch, kusan kowane mako suna fitar da tsohon wasa guda.

Akwatunan kuma mutuwa suke yi. Allunan CPS-2 na Capcom, waɗanda 19XX da Giga Wing da Progear suke kai, suna da batir da ke riƙe mabuɗin sirrin wasan, batirin na ƙarewa allon ya daina tashi har sai gwani ya farfaɗo da shi. Toaplan, masu Truxton da Batsugun, sun rufe tun 1994. Binciken da gidauniyar adana tarihin wasannin bidiyo, Video Game History Foundation, ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin. In aka ce sake fitarwa ɓawo ne, mu namu rabon kenan babu ɓawon babu ƙwayar.

Kawu Bala: Ummi, 'yata, kin yi gaskiya a nan, kuma ban ce a bar su su ruɓe ba. A adana su. Abin da nake ƙi shi ne maɓallin tariyo baya, bari in faɗi dalili da Gradius, tunda Habu ya kawo shi.

A Gradius kana tara ƙwayoyin nan da abokan gaba ke zubarwa, ka sayi gudu, ka sayi makami mai linzami, ka sayi lesa, wato makami mai harba haske, ka tara 'yan rakiya har huɗu suna bin ka suna harbi tare da kai. Harsashi ɗaya ya taɓa ka, duk sun tafi. Kuma ba a inda ka mutu za a tashe ka ba, baya za a mayar da kai, da jirgi tsirara mai tafiyar hawainiya, a tsakiyar matakin da aka gina don mai cikakken makami. Yawancin mutane a nan suke zubar da sauran rayukansu a jere. Gwani kuwa a nan ake gane shi: ya san ƙwaya ta farko gudu zai saya, ya san lungun da zai laɓe, ya san abokin gaban da zai ƙyale ya wuce. Waɗanda suka tsara wasan sun zauna sun auna kowane wurin tashi don ya zama akwai mafita, ko da siririya ce. Wannan farfaɗowa bayan faɗuwa rabin wasan ce. Mai tariyo baya ba zai taɓa ganinta ba, domin bai taɓa faɗuwa ba. An sayar masa da wasa an kuma ba shi abin da zai tsallake rabinsa. Shi ya sa na ce babu ƙwaya.

Injiniya Sadiƙ: Kawu ya kawo hujja mai nauyi, ban da abin cewa a kan Gradius. Amma a ganina duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Tariyo baya zaɓi ne, kana iya ƙin taɓa shi. Abin da ba ka da zaɓi a kai shi ne jinkiri tsakanin yatsanka da allo. Waɗannan wasanni suna zana hoto kusan sau 60 a daƙiƙa, kowane hoto bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya tana nuna hoton ne nan take. Ta zamani sai ta tsaya ta gyara shi tukuna, ga hannu mara waya, ga manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar, kowanne ya ƙara nasa. A wasan ƙwallo ba za ka ji ba. A DoDonPachi na Cave, na 1997, inda harsasai ke cika allo kana ratsawa ta tsakaninsu kamar zare a kafar allura, hoto huɗu ko biyar na jinkiri ya isa ya kashe ka a inda ba laifinka. Duk mai bugawa a gida ya shiga saitin talabijin ya kunna yanayin wasa, in da hali ya sa hannu mai waya.

Sai tsayin allo. 1942 da Raiden da Ikaruga duk a tsaye allonsu yake. A talabijin ta falo sai su koma siririn layi a tsakiya. Switch ta yi kyau a nan, don kana iya juya ta a tsaye. Darius na Taito kuwa allo uku aka jera da taimakon madubi, wannan babu falon da zai mayar maka da shi.

Habu: Injiniya, to ai ka ƙara wa Kawu ƙarfi.

Injiniya Sadiƙ: A'a, ina nufin sake fitarwa iri-iri ce, kada a yi musu kuɗin goro. Akwai ta ganganci, akwai ta masu kishin abin. Dubi aikin kamfanin M2 a kan Battle Garegga, wasan 1996 da suka sake fitarwa a PlayStation 4 a 2016. Wasan yana da wani ma'auni a ɓoye: yawan harbinka da yawan kayan da kake ɗauka suna ƙara masa zafi, mutuwa kuma tana rage shi. Har gwanaye kan kashe jirginsu da gangan don kada matakan ƙarshe su gagara. Shekara ashirin ba a ganin wannan ma'auni da ido a akwati. M2 suka fito da shi a gefen allo, kana kallon yadda yake hawa. Suka sa wurin atisaye, suka sa yanayi mai sauƙi ga sabon shiga, suka bar na akwatin yadda yake. Ni ban fahimci Garegga ba sai a wannan fitowar.

Kawu Bala: Da ana koyon irin wannan ne a tsaye bayan kafaɗar wanda ya fi ka. Mutum biyar shida sun yi shiru suna kallo, in ya mutu kowa ya ja numfashi tare. Wannan ma ya tafi.

Ummi: Ya tafi, Kawu, amma ba M2 ko Hamster suka kashe shi ba. Gidajen wasan sun riga sun watse kafin su zo. Kuma abin da kake nema yana nan a ciki. A Arcade Archives akwai yanayin neman maki: kwandala ɗaya, saitin da kowa ke kai iri ɗaya, babu ci gaba, makinka ya hau jerin duniya ta intanet. Akwai kuma na minti biyar cif. Masu son wasannin nan har gobe ba sa cewa mutum ya ci wasa sai ya gama shi da kwandala ɗaya. Tariyo baya da adana wuri a wajensu kayan atisaye ne: ka maimaita bos ɗin, wato babban abokin gaban ƙarshen mataki na biyar, sau hamsin ba tare da ka sake bin huɗun farko ba, sannan ka dawo ka yi na gaske.

Ɗanjuma: Ni kuɗin ne damuwata. Kusan dala takwas wasa ɗaya na 1985 a Arcade Archives, a canjin yanzu ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu kaset a hannunka. Capcom Arcade Stadium na 2021 ya fi mini, tunda 1943 kyauta suka bayar, sauran ka saya in ka ga dama.

Habu: Shi ne ma wanda yaron ya buga. Kawu, da ba kyauta ba ne, kuma da babu tariyo baya, kana ganin zai kai mataki na biyu bai koma wasan ƙwallo ba?

Kawu Bala: Wataƙila ba zai kai ba. Na karɓi wannan, na kuma karɓi maganar Ummi cewa atisaye daban, ci daban. Inda ban sauka ba shi ne, wasan bai gaya wa yaron bambancin ba. Ya ga rubutun ƙarshe ya ɗauka ya gama, ya ajiye, ba zai sake komawa ba. Da a ce in ka tariyo baya wasan zai nuna maka ƙarara cewa wannan gwaji ne, da ban buɗe baki ba.

Injiniya Sadiƙ: A yawancinsu makin da aka samu da tariyo baya ba ya hawa jerin duniya. Sai dai yaro ba ya duba jerin.

Kawu Bala: To ni zan gaya masa. Ranar Asabar zan je gidan, zan ce ya juya Switch ɗin a tsaye, kwandala ɗaya shi, ɗaya ni, babu mai taɓa tariyo baya. Injiniya, kafin nan ka rubuto mini yadda ake kunna yanayin wasan nan a talabijin, ko da za mu koma babban allo.